Hannun da Goggo Ba Ta Shafawa

Wata uku ke nan da faruwar abin, amma har yau idan na ji ƙarar injin aski sai gabana ya faɗi. Shagon askin yana bakin layinmu, ba yadda za a yi in fita titi ban bi ta gabansa ba, sai dai in zagaya ta bayan makarantar firamare, kuma na zagaya ɗin ban san iyaka ba. Labarin Goggo na zauna in rubuta, sai na ga ba zai rubutu ba sai na saka kaina a ciki, domin ni ce na kusa sa ta rufe kabad ɗin da ta shekara ashirin da shida tana buɗewa kowace safiya.

Goggo yayar mahaifina ce, a hannunta na tashi tun ina shekara tara. Gajeruwa ce, mai manyan hannuwa, ba ta iya zama wuri ɗaya sai in tana tace mai. A unguwa Mai Hannu Ɗaya ake ce mata, har baƙo yakan shigo yana satar kallon hannuwanta, ya tarar duka biyun suna nan lafiya lau. Sunan ya samo asali ne daga yadda take ba da maganin fata.

Kafin ta fara wannan sana'a, shekara goma sha ɗaya ta yi tana wankin zannuwan gado a asibiti. Ruwan sabulu da sinadarin wanki suka cinye mata hannu, fatar ta tsattsage, ƙaiƙayi ya hana ta sakat. Mahaifiyarta ta rasu ta bar mata haɗin magungunan fata guda tara, ba a takarda ba, a ka. Sai ta haɗa ɗaya daga ciki, man kaɗanya da aka dafa da ganyen dogon yaro. Abin da ta samu ɗan kaɗan ne, don haka ta riƙa shafa wa dama kawai, tunda ita ce mai aiki. A daidai lokacin mijinta ya kwanta ciwo, ta ɗauki hutun wata guda tana jinyarsa. Wata bai cika ba hannuwan biyu suka warke tare, wanda aka shafa wa da wanda aka ƙyale.

Ta sha ba ni labarin nan tana juya tafukanta. Ta ce ta zauna a bakin gadon mijinta tana kallonsu kamar tagwaye, ta rasa wa za ta gode wa, ganye ko hutu.

Daga nan ta kafa dokarta. Duk wanda ya zo, ko da kuka ya zo, sai ta ɗiga masa maganin kamar ƙwayar masara a cikin gwiwar hannu, inda fata ta fi laushi, ta ce ya tafi ya dawo bayan kwana uku. In wurin bai yi ja ba, sai ta ba shi gwangwani biyu: kore mai ganye, da fari wanda man kaɗanya ne zalla. Kore a dama, fari a hagu, mako biyu. In a ƙafa ne ciwon, haka. Ranar dawowa sai da safe, a bakin tagar falo, ta jera hannuwan a kan tawul fari tana dubawa. In dama ta fi hagu, ta ce a ci gaba. In sun yi daidai, sai ta ce wa mutum gaskiya ba ganyenta ne ya yi aiki ba, bushewa ce ke damunsa, ya nemi mai zalla ko a ina ya huta. Mai shagon kusa da mu yakan ce bai taɓa ganin mai magani da ke korar masu saye da bakinta ba sai ita.

A haka tara ɗin nan suka koma uku. Akwai wani na kyasbi da kakata take rantsuwa a kansa. Goggo ta gwada shi a kan mutum goma sha ɗaya, ba ta ga bambanci ko a guda ba, ta daina haɗa shi. Ta ce ranar sai da ta yi kuka, ji take kamar ta ƙaryata uwarta bayan ba ta da bakin kare kanta. Ukun da suka rage ma ba ta cewa suna warkarwa, cewa take suna taimakon wasu. Kuma akwai abin da ko kallo biyu ba ta yi masa: tabon da ba ya jin taɓawa, gyambon da ya ƙi rufewa, makeron da ya fara cin gashin kai. Waɗannan asibiti take turawa, har ta kwatanta wa mutum ƙofar da zai shiga da bencin da zai zauna.

Ni kuwa ilimin tsirrai na karanta a jami'a. Na gama, na dawo gida, wata goma sha huɗu ba aiki. Na aika takardun neman aiki har na daina tuna inda na aika. Waya ba ta barin hannuna, ko ƙarar saƙo na ji sai in zabura, in duba in ga tallar kamfanin waya ne. Ƙawayena suna ta sa hotunan ofis, ni ina wanke gwangwanaye. Goggo takan kalle ni ina kai da kawowa tsakanin ɗaki da tsakar gida ta ce, “'Yar boko, simintin nan ba naki ba ne, na haya ne, ki rage masa.”

Ana nan sai na ga sanarwar wata cibiyar bincike tana neman matasa da za su yi aiki a kan magungunan gargajiya. Sharaɗin shi ne a aika ɗan rahoto mai hujja a kan wani magani guda, cikin mako uku. Na ce to, ga abin nema a cikin gidanmu. Na fara ɗaukar hotunan masu zuwa wurin Goggo, da izininsu. Amma hotunan ba su gamsar da ni ba. Wani dama ta ɗan fi hagu, wani sun yi kunnen doki, wani sai ka ƙura ido kafin ka ga canji. Ni kuwa abin da nake so shi ne irin hoton da ake gani a waya, na farko abin tausayi, na biyu sumul, wanda zai sa mai dubawa ya ajiye sauran takardu. Har na ce wa Goggo hanyarta ba kimiyya ba ce tunda ba a rubuce take ba. Ko a jikinta. Ta ce to in rubuta mana, wa ya riƙe mini hannu.

Saura kwana goma sha biyu a rufe karɓar rahoto aka bugo waya cewa 'yar Goggo ta haihu a wani gari, kuma sai da aka yi mata aiki. Goggo ta haɗa jaka a tsaitsaye. A bakin ƙofa ta ciro makullin kabad daga wuyanta ta ba ni, ta ce waɗanda suka riga suka wuce gwaji in sun zo a ƙara musu, sabon mutum kuwa ɗigo a gwiwar hannu kawai, ya jira ta. Sau biyu ta faɗa. Na ce na ji.

Kwana biyu da tafiyarta, da hantsi, mai askin bakin layi ya yi sallama. Dogo ne, mai barkwanci, kowa yallaɓai ne a bakinsa har jariri, yana da 'ya'ya huɗu, kuma duk mazan layinmu shi ke musu aski. Ya miƙo mini hannuwansa. Tsakanin yatsu duk ya tsattsage, bayan hannun ya yi ja ya yi kaushi. Ya ce ƙaiƙayin bai dame shi ba kamar yadda mutane suka fara kallon hannunsa ta madubi idan ya dafa musu kai. Jiya wani ya tashi da rabin aski ya ce ya tuna yana da uzuri.

Na faɗa masa dokar Goggo. Ya yi dariya.

“Ƙanwata, da hannu biyu nake aski. In dama ta warke hagu ta ƙi, rabin kai zan riƙa yi wa mutane? Kuma kwana uku na jira, sannan mako biyu? Kafin nan ai an ɗauke mini su kaf.”

Ina sauraronsa ina kallon hannuwan a hasken taga. Ba zan ɓoye ba, abin da na gani shi ne hoton farko. Na jera su a kan tawul ɗin Goggo na ɗauka. Na lissafa a raina, kwana goma sun isa a samu hoto na biyu. Na buɗe kabad na ba shi koren gwangwani shi kaɗai, na ce ya shafa sama-sama, safe da yamma, duka biyun.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba rashin sani ba ne. A shekarar ƙarshe an yi mana tambaya a jarrabawa a kan dalilin da ya sa ake raba masu gwajin magani gida biyu, a ba wasu a hana wasu. Na cika shafi uku. Malamin har ya karanta amsata a gaban aji.

Ranar kwana na huɗu, ina shara, matar mai askin ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in zo in gani. Na same shi zaune a kan kujerar askinsa, ya ɗaga hannuwan sama kamar mai jiran a zuba masa ruwa. Sun kumbura kamar an hura safar hannu ta roba, bororo ya feso har wuyan hannu, wasu sun fashe suna tsiyaya. Ashe tun rana ta biyu ƙaiƙayin ya ƙaru, shi kuma ya ɗauka magani ne ke aiki, ya ƙara lafta shi. Duk da haka ya dube ni ya ce, yallaɓai, hoto na biyu ya samu. Ashe ya lura.

A asibiti likitar, wata mace da ba ta fi ni da shekara bakwai ba, ta tambayi abin da ke cikin maganin. Na jero mata sunan bishiyar na kimiyya da danginta, kamar hakan zai rage kumburin. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaya ko an gwada a ƙaramin wuri kafin a shafa. Na ce ba a gwada ba.

Daga farfajiyar asibitin na kira Goggo. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Tambaya ɗaya ta yi.

“Wane hannun?”

Na ce duka biyun.

Washegari motar farko ta biyo, ta bar 'yarta a hannun surukai. Da jakarta a kafaɗa ta wuce gidan mai aski, ba ta ko biyo ta gida ba. Kafin nan magana ta gama layi, cewa maganin Mai Hannu Ɗaya ya ƙone mai aski. A gaban waɗanda suka zo dubiya ta ce gwangwaninta ne, daga kabad ɗinta ya fita, kuma ba za ta sake ba kowa magani ba sai ta san abin da ya faru. Ba ta ambaci sunana ba. Da ta zage ni a gabansu da ya fi mini sauƙi.

A gida ta karɓi makullin, ta kulle kabad, ta zauna a kan tabarma ta yi mini bayani kamar mai magana da kanta. Koren nan sabon haɗi ne, mako guda kafin tafiyarta ta dafa shi, kuma da man wata sabuwar mai sayarwa, domin tsohuwar ta daina. Ta shinshina, ta murza, ta ga yana da kyau. In haɗin ne ya lalace, to hancinta da idonta sun tsufa ke nan, kuma wadda ba ta iya bambance mai kyau da gurɓatacce ba ta da hurumin taɓa fatar ɗan wani, ta rufe har abada. In kuma jikinsa ne bai karɓi ganyen ba, wannan ɗigon kwana uku ne aikinsa. Yana ma yiwuwa ciwonsa ne ya tashi da kansa, maganin bai yi komai ba.

“Da kin bar mana hannu ɗaya, da mun tambaye shi,” in ji ta. “Yanzu wa za mu tambaya?”

Tun ranar ta bi gida biyar da suka karɓi sabon haɗin ta karɓo kayanta. Uku ba su ma buɗe ba, biyu sun fara kwana kaɗan ba abin da ya same su. Ta ɗiga a gwiwar hannunta, ni ma na miƙa nawa. Kwana uku ba ja ba ƙaiƙayi. Na fara murna, ta ce in bari, fatarta ta shekara ashirin da shida cikin ganyen nan, tawa kuma tun ina ƙarama take shan sa, mu ba shaidu ba ne, 'yan gida ne. Fata ɗaya ce za ta iya ba da amsa, ita kuma tana naɗe da bandeji.

Mako shida muka yi a haka. Ban taɓa ganin Goggo ta rasa abin yi ba sai lokacin. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta wanke gwangwanayen da suke a wanke. Mutane su yi sallama da safe, ta fita ta ba su haƙuri a ƙofa, ta dawo ta tsaya a bakin taga tana ninke tawul ɗin nan tana warwarewa. Ranar rufe karɓar rahoto ta zo ta wuce, ban ko buɗe shafin ba. Shagon aski yana kulle, mazan layi suka fara tsallaka titi zuwa wani shagon suna sunkuyar da kai idan sun zo wucewa. Mai askin kuwa, matarsa ce ke ba shi abinci a baki. Ya ce wa masu dubiya bai taɓa sanin daɗin sarauta ba sai yanzu.

A mako na uku na kasa daurewa, na je na faɗa masa cewa Goggo ta hana ni, ni ce na karya. Ya daɗe yana kallon yatsunsa da suka fara saɓa.

“Na sani, ƙanwata. Ni na matsa miki. Amma ke ce kika yi karatu.”

Da fatar ta rufe, Goggo ta ɗauki gwangwani uku ta je wurin likitar: ragowar tsohon haɗi, sabon haɗi, da mai zalla. Da farko likitar ta ƙi. Goggo ta zauna ta kwashe mata labarin zannuwan gado da hannuwa biyu da tara da suka koma uku. Likitar ta ajiye biro tana saurare. A ƙarshe ta ce in shi ya yarda za a yi, amma a gabanta, ɗan mitsitsi, a rufe da filasta, kuma ita za ta duba. Mai aski ya ce ya yarda, domin shi ma yana so ya san abin da zai guje wa, ya ce sabulun da yake wanke wa mutane kai da shi ma akwai hoton ganyen a kwalinsa.

Sai likitar ta yi wani abu. Ta shiga ciki da gwangwanayen, ta sa wata ma'aikaciya ta ɗebo kowanne ta sa masa lamba, ɗaya, biyu, uku, ta rubuta sirrin a takarda ta ninke. Ta ce kada ita ko Goggo su san wanne ne wanne, domin ido yakan ga abin da zuciya take so. Goggo ta riƙe haɓa. Ta ce shekara ashirin da shida wannan dabarar ba ta taɓa zo mata ba, kuma Allah kaɗai ya san sau nawa ta yi wa dama alfarma a bakin tagar nan.

Kwana ukun nan ban san me nake roƙo ba. In sabon haɗin kaɗai ya yi ja, Goggo ta rufe kabad ke nan, amma laifin ya rabu biyu, in samu inda zan raɓe. In tsoho da sabo suka yi ja tare, Goggo ta fita, laifin ya dawo kaina ɗungurungum. Na kan kama kaina ina fatan na farkon, sai kunya ta rufe ni, in tashi in hau wanke-wanken da ba a sa ni ba.

Ranar da aka ɗaye filasta muna tsaye mu huɗu har da matar mai askin. Wurin lamba ɗaya ya yi ja ya ɗan tasa. Biyu fes, kamar ba a sa komai ba. Uku ya yi ja daidai da ɗaya. Likitar ta warware takardar: ɗaya tsohon haɗi ne, uku sabo, biyu mai zalla. Ta ce jikinsa ne ba ya son ganyen, ko wane haɗi aka kawo, kuma tana zargin baƙin rinin gashi da yake damawa da hannu shi ya fara tsattsaga masa fata tun asali, ya nemi safar hannu.

Goggo ta nemi benci ta zauna. Ta daɗe tana kallon tafukanta. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba fushi ba murmushi.

“To, 'yar boko, kin ji.”

Na ji. Kwana uku, ɗigo kamar ƙwayar masara, da abin ya tsaya a nan.

Washegari da safe ta buɗe kabad. Wadda ta fara zuwa wata malamar makaranta ce mai kirci a ƙafafu, ta samu ɗigonta a gwiwar hannu, aka ce ta dawo bayan kwana uku. Goggo ta sa na sayo littafi na ja layi a tsakiya, dama da hagu, ina rubuta abin da aka gani, har waɗanda ba a ga komai ba da waɗanda ba su dawo ba. Yanzu ni ke zuba maganin a gwangwanaye iri ɗaya in sa musu lamba, in gaya wa mai ciwo wanne zai shafa a ina, ita kuma ta duba ba tare da ta sani ba. Ta riga ta fara zargin ɗaya daga cikin ukun nan nata, tana ta mita a kansa. Makullin dai yana wuyanta, ba ta sake ba ni ba, ni ma ban tambaya ba.

Mai aski ya buɗe shago. Bayan hannuwansa ya yi duhu, likita ta ce zai washe a hankali. Wasu daga cikin mutanensa sun dawo, wasu sun saba da tsallaken titi. Hoton farko yana nan a wayata, na kasa gogewa, na kasa kallo.

Jiya Goggo ta aike ni kasuwa, ta ce kuma ta bakin layi zan bi, ta gaji da jin labarin bayan makaranta. Na bi. Yana tsakiyar aski, injin yana ƙara, hannuwansa cikin baƙar safa. Ya hango ni ta madubi, ya kashe injin, ya ɗaga hannu ɗaya kawai ya ɓoye ɗayan a bayansa.

“Yallaɓai, wannan na gaisuwa ne. Wancan na ajiye wa Goggo.”

Mutumin da ke kan kujera ya yi dariya. Ni na gaishe shi, na tambayi iyali, na wuce har bakin titi.